Mai Takaba da Diga

A unguwarsu, can cikin tsohon garin Daura, idan ka ce Adawiyya za a tambaye ka wace Adawiyyar, amma idan ka ce Adawiyya Mai Famfo, kowa zai nuna maka ƙofar gidan. Mace ce gajera, kakkaura, ta ba hamsin baya, tafin hannunta kamar na manomi. Ita ake kira gidajen da maza ba sa shiga idan famfo ya lalace maigida ba ya gari. Ba ta je makarantar wannan aiki ba, ba ta taɓa mafarkinsa ba ma. Dole ce ta sa ta, dolen kuma ta same ta ne tana tsakiyar takaba.

Haifaffiyar garin Babban Mutum ce, 'yar manoma, ta san fartanya tun kafin ta san lalle. Aure ya kawo ta Daura, gidan Malam Sada mai gyaran famfo. Shekara ashirin da shida suka yi, Allah ya ba su 'ya ɗaya, Fadila, wadda ke aure a Kongolam. Malam Sada mutum ne mai surutu, kuma surutun nasa ɗaya ne. Ana cin tuwo zancen bututu, ana shan iska zancen bututu. Ita kuwa takan ce, "Malam, don Allah ka bar ni in ji da miyata." Shi ko a jikinsa. Abin da ya fi maimaitawa shi ne ruwa maƙaryaci ne, inda ya ɓullo ba nan ya fashe ba. Ta ji wannan magana har ta gundure ta.

Ciwon kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa. An yi sadakar arba'in, jama'a sun watse, Fadila ta koma ɗakinta da tsohon ciki, sai ga wata lema a gindin bangon ɗakin Adawiyya. Da rani tsaka, ko ɗigon ruwan sama babu! Gidan ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti. Cikin mako biyu shafen ya kumbura ya fara zubowa, tsaga ta taso daga ƙasan taga. Famfon tsakar gida kuma, da a da yake feshi, ya koma tsiyaya. A unguwar, ran Litinin da Alhamis ake sako musu ruwa, kuma duk ranar da aka sako sai lemar ta ƙara hawa. Ba kuma halin rufewa daga waje, don makullin ruwa na bakin titi ya daɗe da shigewa ƙarƙashin siminti tun lokacin da aka yi lambatu.

Ta aika wa wan mijinta, Alhaji Zulkifilu, dillalin shanu, wanda shi ne babba a dangi yanzu. Ya zo ran Asabar, ya dubi bangon, ya koma zaure ya tsaya. Ita tana bayan ƙyaure.

"Yaya, so nake a kira ɗaya daga cikin abokan aikin marigayi ya duba bututun nan."

"Wane namiji zai shigo ya wuni a gidan mai takaba, ke kaɗai? Ba da yawuna ba. Kuma gidan da ya gama yayinsa, me za a gyara? Na tambayi malamai, sun ce idan gini zai faɗa wa mace, tana iya ƙarasa takaba a wani wuri. Ran Alhamis zan turo mota ta kai ki gida wajen 'yan'uwanki."

Adawiyya ba yarinya ba ce. Ta san Alhaji yana tsoron bangon da gaske, amma ta san yana da kaso a gadon, ta kuma ji ƙishin-ƙishin wani mai shaguna ya zo ya auna gaban gidan da ido. Idan ta sa ƙafa ta fita, ba ta ba dawowa. Ɗakin da aka kawo ta tana amarya, ɗakin da ta haifi Fadila, nan za a jera buhunan siminti ana ciniki. Abin ya yi mata ciwo, ciwo ƙwarai.

"To, Yaya, Allah ya kai mu Alhamis ɗin."

Ya ɗauka ta yarda, ya kaɗa babbar riga ya tafi.

Ran Litinin da hantsi aka sako ruwa. Ta buɗe akwatin kayan aikin mijinta, wanda ba ta taɓa ba tun rasuwarsa, ta ɗauko wani guntun rodi da yake sauraren ƙasa da shi. Maƙwabciyarta Haulatu, aminiyarta ta shekara ashirin, ta leƙo ta same ta durƙushe, rodi a ƙasa, kunne a kan rodi.

"Innalillahi! Adawiyya, lafiyarki kuwa?"

"Yi mini shiru. Kore mini kajin nan, su ma su yi shiru."

A gindin bangon ta fara, ba ta ji komai ba. Ta riƙa matsawa taku ɗaya-ɗaya tana bin hanyar da ta san bututun ya bi, don tana amarya aka haƙa shi, ita ta riƙa miƙa wa Malam ruwan sha. Sai da ta yi taku bakwai, dab da ƙofar zaure ta ciki, wurin da ƙasa take a bushe ƙarau, ta ji shi. Wani siririn huci ne, kamar na tukunyar da ta fara tafasa. Ashe nan ya fashe, ruwan ya riƙa bin jikin bututun ta ƙarƙashi yana gangarawa ya taru a gindin ɗakinta.

Da aka ɗauke ruwa da azahar ta ɗaura ɗamara ta ɗauki diga. Ta san abin da ta sa kanta. Idan ta buɗe rami ta cire bututu, Alhamis ta zo ba ta haɗa sabo ba, ramin zai zama kwata ya kai ruwan kai tsaye gindin bango, ita da kanta ta rushe ɗakin. Kwana biyu da rabi ke gare ta, ba ƙari.

Ƙasar tsakar gidan da aka yi shekaru ana takawa ba ƙasar gona ba ce. Kafin la'asar hannunta ya yi kanta, kantar ta fashe. Ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Haulatu tana kwashe ƙasa da kwano tana mita, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan taurin kai ba, amma ba ta tafi ba. Ƙarar diga kuwa ba ta ɓoyuwa. Kafin gari ya waye duk unguwa ta ji matar Sada ta zautu, tana tone gida.

Ran Talata da safe sai ga Alhaji a fusace, ko zama bai yi ba.

"Adawiyya! Me nake ji haka? Mace mai takaba da diga? So kike ki mai da mu abin dariya a garin nan?"

Ta tsaya a bayan ƙyaure, laka har gwiwa, tana haki.

"Yaya, ranar da na shiga takaba an karanta mini dokokinta. An ce ban da kwalliya, ban da turare, ban da kwana a wani gida, ban da zancen aure. Na riƙe su duka. Idan akwai littafin da ya ce ban da diga, a kawo mini malamin ya karanta mini, wallahi in ajiye."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Allah ya huci zuciyarka. Ka ce namiji ba zai shigo ba, bai shigo ba. Gidan miji aka ce in zauna, shi nake tarewa kada ya faɗi."

Alhaji ya ce mota dai tana nan zuwa jibi, ya fita yana ƙwafa.

Da yammacin ranar ta kai ga wurin da ta ji hucin. Ta sa hannu ta share laka daga jikin ƙarfen, sai ta tsaya cak. Bututun ya ci tsatsa ya huje, amma ba yau ya huje ba. An taɓa naɗe wurin da robar tayar keke, naɗi mai kyau, an ƙulle da irin ƙullin da ta sani sarai, don da shi Malam yake ɗaure bakin buhun gero. Robar ce ta gaji ta tsage. Nan ta tuna shekarar da ta je gida jinyar mahaifiyarta, ta dawo ya ce ya ɗan taɓa famfo, zai sake shi gaba ɗaya idan ya samu sarari. Shekara goma sha ɗaya ke nan!

"Kai, Malam!" ta ce da ƙarfi, kamar yana tsaye a bakin ramin. "Ka gyara na Daura kaf, na gidanka ka ɗaure da roba? Ina sararin? Ina sararin da ka ce?"

Tana faɗa tana kuka. Tun ranar jana'iza ba ta yi kuka irin wannan ba, ga haushinsa ga kewarsa, ta rasa wanne ya fi. Haulatu ta ajiye kwano ta zauna a bakin ramin ta ƙyale ta. Da ta gama ta fyace hanci, ta kwance robar ta cusa a ƙullin zaninta, ta ce, "Ba zan yi faci ba. Duka zan cire."

Laraba ta fi kowace rana wuya. Haulatu ta je kasuwa da guntun tsohon bututu a jaka don kada a ba ta wanda bai yi daidai ba, ta dawo da na roba guda uku da gam da mahaɗi. Mahaɗar tsohon ƙarfen da ke bakin zaure ta ƙi kwancewa. Suka jiƙa ta da kananzir, suka zura wa babbar sifana wani ƙarfe don ta ƙara tsawo, su biyu suka hau kai da nauyinsu suna salati, sannan ta yi ƙara ta juya. Sauran kuma Adawiyya ta yi yadda ta sha gani. Ta hura gawayi ta gasa bakin bututun don ya yi laushi ɗaya ya shiga cikin ɗaya. Na farko ya ƙone ya murɗe, ta tsine wa gaggawa, ta yanke da zarto ta sake. Na biyu ya shiga sumul. Kafin magariba sabon bututu yana kwance daga zaure har famfo. Ba ta mai da ƙasa ba, ta ce sai ta gani da idonta.

Alhamis da hantsi bututun ya fara tari, iska tana fita. Adawiyya tana tsugune a cikin rami, tana bin kowace mahaɗa da busasshen tsumma. Ta farko a bushe. Ta biyu a bushe. Ta bakin zaure ta yi ɗan gumi, Adawiyya ta ƙara mata rabin juyi da sifana, gumin ya tsaya. Sai famfon tsakar gida ya ɓarke da feshi har ya kifar da bokiti. Haulatu ta ɗaga hannu za ta rangaɗa guɗa, ta tuna gidan takaba ne, ta toshe bakinta.

Ba a jima ba aka yi sallama. Alhaji ne, da a-kori-kura a ƙofar gida. Ta ce ya shigo ya gani. Ya bi ramin da kallo daga farko har ƙarshe, ya dubi famfon, ya je gindin bango ya daɗe a tsaye. Ruwa yana ta zuba a bokiti, ramin kuwa ko ɗigo babu.

"Tsagar fa?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Bango zai bushe, magini ya ɗinke ta. Ba inda za ta ƙara."

"To, ga mota na riga na kawo. Direba yana jira a fito da kaya."

"Ba zai koma haka nan ba, Yaya."

Ta sunkuya ta tattaro tsohon bututun, guntu-guntu, jajir da tsatsa, ta kai bakin zaure ta zube a gabansa.

"Ga kayan da za su bar gidan nan. Ni sauran takabata wata biyu, a ɗakina zan ƙarasa. Bayan nan ma ina nan."