Ban Jira Ƙarfe Tara Ba

Mun tashi da asuba ranar Litinin, ana idar da salla, ni da maigida da ɗanmu goye a bayana. Kano muka nufa, asibiti. Tun ranar Asabar yake gudawa da amai, maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma, kukan ma sai ka kasa kunne za ka ji shi. Maigida direba ne a wurin wani injiniya Ba'indiye da ke aikin ruwan noman rani, kuma duk Litinin yakan kai shi birni. Shi ne ya ce mu je ya roƙe shi a rage mana hanya.

Ba mu fita da wuri yadda muka so ba, domin surukata ta tare zaure. Ta ce haƙori ne, ta jiƙa saiwa, kuma ta aika an duba mata an ce ranar ba ta da kyau ga matafiyi. Da ta ga ina ƙara ɗaure majanyi sai ta juyo kaina.

"Ke yanzu ko kunya babu? Ɗan fari ne fa. Kin goya shi kina rawar jiki kamar a kanki aka fara haihuwa."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. In mun dawo na ji kunyar."

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Maigida ya sunkuyar da kai ya tura keke waje, na bi shi.

Daga ƙauyenmu na ƙasar Bunkure zuwa kwatas ɗin ma'aikatan ruwa, bakin babban kanal ake bi. Ina zaune a kariyar keke, hannu ɗaya na riƙe da rigar maigida, ɗaya na tallafe da yaro. Gari yana wayewa na ga manoma har sun jera tiyo suna janyo ruwa cikin fangali. An riga an yanke alkama, sai kara da belbela, amma tumatir ya yi ja ko'ina, har ƙasa yake zuba. Wani Bafulatani yana shayar da shanu a inda aka hana, yana waige-waige. Da lafiya ce da na yi dariya. Sarƙar keken ta zame mana a hanya, ta sake zamewa, maigida ya ɓata hannu da baƙin mai yana ta salati. Kafin mu isa rana ta ɗaga.

Gidan Masta, haka maigida ke kiran injiniyan, yana ƙarshen layi cikin darbejiya. A bakin ƙofa matarsa ta yi wani zane da garin shinkafa, fari tas, ƙamshin turaren tsinke na fitowa ta taga. Ga motarsa Fijo a tsaye an wanke ta. Masta yana kan baranda da jaka a hannu, ya dubi agogo, ya dubi maigida, ya ajiye jakar. Suka yi magana da Turanci. Na ga kafaɗun maigida sun sauka.

Ya dawo ya ce da ni, "Ya yarda zai ɗauke mu. Amma mun makara, Rahu ya shiga. Sai ƙarfe tara."

To, bari in gaya muku abin da ake nufi, don ni ma a bakin maigida na taɓa ji, lokacin ina ɗaukarsa hira. Su mutanen nan suna raba yini, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kashi takwas. Kashi ɗaya na wani abu ne da suke kira Rahu, wai kai ne babu gangar jiki, shi ke haɗiye rana in an yi husufi. Kowace rana da lokacin da yake kamawa. Litinin da safe ne, Juma'a kafin a tafi masallaci, Talata wajen la'asar. In ya shiga ba sa fara tafiya, ba sa sayen sabon abu, maigida ya ce ko sabon kanal aka gama Masta ba ya bari a saki ruwa sai ya wuce. Ran Litinin sukan fita da sassafe su riga shi. Yau mu muka ja musu.

Madam ta fito da zanenta mai tsawo da jan ɗigo a goshi. Mace ce mai kirki, da Salla har alawa take aiko mana. Hausarta ta kasuwa ce.

"Sannu, sannu. Yaro ba lafiya? Zauna. Tara, mota tafi. Yanzu ba kyau."

Ta kawo mini kindirmo da sukari a ɗan kofi, wai shi suke sha kafin tafiya. Na karɓa don kada in yi rashin ɗa'a. Na zauna a dandamali, na sauke yaro na ba shi nono. Ya kama, ya saki, ya amayar da ɗan abin da ya sha a cinyata. Sai na ga idonsa ya yi sama, farin kawai nake gani. Na ja fatar cikinsa, ta tsaya a tattare ba ta koma ba.

Na miƙe na goya shi.

Maigida ya taso da sauri. "Ke, ina za ki? Ki rufa mini asiri, da aikin nan muke ci."

"Malam, kai tsaya wa aikinka, ban hana ka ba. Ni titi na nufa."

"Saura kaɗan fa."

"A agogonsu saura kaɗan. Zo ka dubi idonsa."

Bai zo ba, ban kuma jira ba. Na ajiye kofin, na yi wa Madam godiya, na fita. A gida an ce ranar ba kyau, a nan an ce sa'ar ba kyau, kowa da abin da ya gani a sama, ba wanda ya ce mini ga abin da zan yi da yaron da ke sanyi a bayana.

Daga kwatas zuwa titin Zariya akwai 'yar tafiya. Na bi ta gefen rumfunan albasa, warinta ya cika mini hanci, takalmina na roba yana ƙona mini tafin ƙafa. A bakin titi na tsaya ina ɗaga hannu. Akori-kura sai wucewa suke, an labta musu kwandunan tumatir har sama, ko kaza ba ta samun wuri. Kiya-kiya ɗaya ta rage gudu, direban ya leƙo ya ce a cike take, ya wuce. Wata tsohuwa mai ƙosai ta jawo ni inuwa, ta leƙa bayana, sai ta tashi ta bar kaskonta a wuta ta shiga tare mini mota da kanta.

Muna cikin haka sai ga Fijo ta taho da gudu. Maigida ne ke tuƙi, Madam a baya ta buɗe mini ƙofa. Masta ba ya ciki.

A hanya maigida ya ba ni labari. Wai ina fita Madam ta tambaye shi yaushe muka baro gida, ya ce da asuba. Sai ta juya kan mijinta da yarensu, har da buga hannu a tebur. Ashe a ƙa'idarsu fara tafiya ne ba a yi a cikin Rahu, wadda aka riga aka fara kuwa ba ruwansa da ita. A ƙasarsu ma, in sun san tafiya za ta faɗa a mugun lokaci, sai su kai jakarsu gidan maƙwabci tun da wuri, a ce an fara. Ta ce tafiyar yaron ce, kuma tun asuba ya fara ta, mota tarar da shi kawai za ta yi. Masta ya miƙa makulli, ya ce shi zai biyo motar ofis in tara ta yi.

Na ce, "To ita fa? Ai ita yanzu ta fito."

Maigida ya tambaye ta. Ta girgiza kai. "Ni ba tafiya. Ni rakiya."

Ta faɗa da murmushi, amma ina kallonta. Leɓenta na motsi, ta damƙe wata 'yar sarƙa a wuyanta har yatsunta sun yi fari. Tsoro take ji na gaske, kuma ta shigo motar.

Muka ratsa Kura, masu shayi suna kwashe tebur, 'yan makaranta na tsallaka titi. A Karfi na ga abin da ban taɓa gani ba, tumatir kwando-kwando a jere har ido ya gaji, dillalai suna taya shi da farashin wulaƙanci, wanda ya ruɓe an zubar a gefen hanya awaki sun ƙoshi sun kwanta a kai. Mun wuce garin kaɗan sai muka ji fam! Mota ta yi tangal-tangal, maigida ya kai ta gefe da ƙyar. Taya ta fashe.

Maigida ya dube ni ta madubi, na san abin da ke ransa. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na ce a raina, ko dai Rahun ne? Sai na fita na dubi tayar. Ta suɗe sumul kamar tafin hannu, zare duk ya fito. Na ce da shi, "Wannan ko ran Idi ka hau ta sai ta fashe. Ɗauko jak."

Yana kwance a ƙasa yana fama, Madam ta buɗe jakarta. Ashe ta taho da dafaffen ruwa a fulas, da sukari da gishiri a ƙulle. Ta haɗa a murfi, ta ɗanɗana, ta ce in riƙe kansa. Muka tsuguna a gindin wata ɗorawa tana ɗiga masa da cokali, kaɗan-kaɗan. Na farko ya zubo. Na biyu ya haɗiye. Can sai ya buɗe ido ya yi ɗan kuka, kuka mai sauti. Madam ta dubi agogonta, ta sauke numfashi.

"Tara! Ka gani? Rahu tafi, yaro tashi."

Na ce, "Madam, ni ba ni da agogo. Cokali na gani."

Maigida ya fassara mata daga ƙarƙashin mota, ta yi dariya har da hawaye.

Muka hau gadar Tamburawa, ruwa ya ja baya, masu ɗibar yashi sun shiga da jakuna har tsakiya. Daga nan gidaje suka fara haɗewa, hayaƙi da hon da masu keke kamar za su shiga ƙarƙashin mota. Sojoji sun tare hanya a bakin gari, ɗaya ya leƙo ya ga yaron, ya ɗaga mana hannu. A asibiti layi har waje, amma wata nas mai faɗa ta taɓa maɗigarsa ta fizge shi daga hannuna tana cewa, "Ku mutanen ƙauye sai yaro ya zama tsumma ku kawo shi!" Ban ji haushi ba. Aka aske gefen kansa aka sa masa ƙarin ruwa a nan, don jijiyar hannu ta ɓuya.

Mun kusa mako a can. Tabarma na shimfiɗa a gindin gado. Abincin birni tsada, kokon da ake ba mu kyauta a gida a nan sai da sule, amma gurasa da ƙuli ta yi mini daɗi, kuma matan ɗakin kowa ta buɗe kwano sai ta ce bismilla. Ta gadon kusa da ni daga wajen Madobi take. Ta jira ranar kasuwa don ranar ce kawai mota ke shiga garinsu. 'Yarta ba ta kwana biyu ba ta rasu. Ni na taya ta naɗe kaya.

Madam ta zo duba mu da ayaba. Ta daɗe tana riƙe da ƙafar yaron. Daga baya maigida ya ce nata 'ya'yan suna can ƙasarsu a makaranta, sai a hoto take ganinsu.

Ranar da aka sallame mu, kiya-kiya muka hau daga Unguwa Uku, an cusa mu da buhunan taki, yaro yana ta jan ɗankwalin wata mata tana cewa ya cika fitina. Fitinar nan ta fi mini komai daɗi. Muka sauka, muka ƙarasa a ƙafa da yamma. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta karɓe shi, ta juya shi, ta shafa inda aka aske, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ke dai ba kya jin magana."

Na ce, "E, Inna."

Abin da tafiyar nan ta koya mini, 'yan'uwa mata, kowa da abin da yake tsoro, mai ilimi da marar shi, kuma ban raina wa kowa nasa ba, tunda na ga wadda ta taka nata saboda ɗana. Amma lokaci na Allah ne duka, safe da yamma, kuma cuta ba ta duba agogo. Washegari na shiga garke na ware jar akuyata, na ɗaura mata tsumma a wuya, na gaya wa maigida da Inna cewa wannan ba ta suna ba ce, ba ta biki ba ce, ta kuɗin mota ce. Duk ranar da jikin yaron nan ya canja, kowace rana ce, kowane lokaci ne, ba zan zauna a dandamalin kowa ba.