Warin da Ba Ya Jin Sabulu

A layin ana ce mata Hanci, don ko ta bayan ƙofarta ka wuce sai ta faɗa maka abin da ka ci. Shekara ashirin tana wanki da guga a shagonta, kuma duk rigar da ta sha hayaƙin tabar nan mai kauri, wadda ake naɗewa da ganye zalla, wurinta ake kawowa. Ta jiƙa da ruwan khal, ta shanya inda iska ke kaɗawa, ta kulle ta da gawayi a akwati kwana biyu. Fesa turare kuwa, ta ce ƙarya ce a kan ƙarya.

Marigayi mijinta ne ya koya mata sana'ar, da mugunta. Ya zuƙa, ya damƙo gashinta, ya busa mata a ido, in ta yi tari ya kashe wutar a damtsenta. Ya gama ya tauna kanumfari, ya fita cikin mutane bakinsa fes. Tabo tara ya bar mata. Da ya mutu ta ƙone katifa da labule, ta kankare bango da wuƙa har farcenta ya cire, ta rantse 'yarta tilo ba za ta san wannan wari ba.

Wata Talata da hantsi 'yar, wadda ta yi aure bara, ta kawo kwat ɗin mijinta. Hanci ta sansana wuyan kwat ɗin, ta ji warin tabar nan. Ta dubi dogon hannun rigar 'yarta a wannan zafi, ta fizge shi sama. Tabo biyu ne, zagaye kamar kwabo, ɗaya ko bushewa bai yi ba.

"Umma, man suya ne ya fallatso."

"Ni za ki gaya wa man suya?"

Da la'asar surukin ya zo ɗaukar matarsa, ya durƙusa yana gaisuwa kamar na Allah. Hanci, wadda ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ta ce, "Matso, ɗana, kunnen ya tsufa."

Ya matso. Kanumfari ne ya bugi hancinta.

Hannun da ya shekara ashirin yana matse barguna ba abin wasa ba ne. Ta cafke wuyan hannunsa, ta maka shi a teburin guga, ta danna masa bakin dutsen gugan da ya yi jawur. Ya kurma ihu, ya yi fatali da baho, ƙaurin fata ya cika shagon.

"Biyu ka yi mata, ɗaya na yi maka. Ɗayan yana nan in ka sake tako ƙofata."

Ya fice ba takalmi. 'Yar ta tsaya rungume da kwat ɗin.

"Umma, rigar fa?"

"Wannan ba ta wankuwa." Ta zare ta a hankali daga hannun 'yarta, ta cusa a murhu. "Shiga ciki ki kwanta, na canza miki zanen gado."