Modu ya sauka lafiya, Allah ya jiƙan Baba Kyaftin

Innalillahi! Da safen nan ina shan koko a ƙofar gidanmu a Fagge, wani ɗan'uwa da ke aiki a filin jirgi ya kira ni: hadarin ruwa ya rufe ƙaramin jirgin da abokina Modu ke tuƙowa daga Abuja, ba ya ganin ƙasa, ba ya ganin sama.

Ban san lokacin da kofin ya suɓuce mini ba.

Ina cikin adaidaita zan tafi filin jirgin ina ta salati, sai ga kiran Modu da kansa. "Mutumina, na sauka. Na'ura kawai na bi."

Wallahi kuka na yi a gaban mutane, ban ji kunya ba. Da hankalina ya dawo, wanda ya faɗo mini a rai shi ne marigayi Kyaftin Ganiyu, wanda muke kira Baba Kyaftin.

Tare muka samu lasisin tuƙin jirgi da Modu, irin wanda sai gari ya yi garau za ka tashi. Akwai wata takarda ta gaba, instrument rating, wadda ke ba ka izinin shiga gajimare kana bin na'urori kawai. Tsadarta ba a magana. Hayar jirgi da malami duk da farashin dala suke tafiya, kuma dole ka bar Kano. Ni har yau ban samu ba.

Baba Kyaftin tsohon matuƙi ne, haifaffen Fagge. Da ya yi ritaya sai ya haɗa kwamfuta da sitiyari masu kwaikwayon tuƙin jirgi a bayan shagon matarsa a Sabon Gari, yana koya mana kyauta, don in mun je makaranta kar mu yi ta maimaici muna biya. In nepa ta ɗauke, shi ke sayen man janareto.

Amma darasin farko a shagon mai aski na kusa ake yi. Ya zaunar da kai a kujera, ya ɗaure maka ido, ya juya ka. Kujera ta tsaya, kai kuma kana rantsuwa tana juyawa, 'yan aski suna ta dariya.

"Ka gani ko, ɗana? A cikin gajimare jikinka ƙarya yake maka. Na'ura za ka bi."

Shi ya matsa wa Modu har Modun ya sayar da filinsa ya tafi karatun wannan takarda. Hajiya Falmata, mahaifiyar Modu, ta yi fushi sosai. Ta ce wane irin lasisi ne kan lasisi, ta daina amsa gaisuwar Baba Kyaftin.

Ganina da shi na ƙarshe yana kwance ba lafiya, azumin da ya wuce. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kai da ba ka samu ba tukuna, in ka ga hadari ka zauna a ƙasa. Kar wani alhaji ya hanzarta ka."

Ɗazu Hajiya Falmata ta kira ni. "Ɗan nan, in ruwa ya tsagaita ka zo ka kai ni wajen matar Kyaftin. Ko ta'aziyya ban je ba."

Yanzu zan je in ɗauko ta.

Allah ya jiƙan Baba Kyaftin, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya koya mana ya zame masa sadaka mai gudana. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.