Igiyar Shanya a Bayan Gareji

Ranaku da yawa sun shige mini a wurin aikin nan, amma ban taɓa mantawa da safiyar Alhamis ɗin da Baba Kyari ya goge sabuwar mota da tawul ɗin da na zaɓo da hannuna ba. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan kuna ganin igiyar shanya a bayan gareji, kuna kuma ƙunƙuni idan na yi faɗa a kan tsumman da ya faɗi ƙasa. Bari in gaya muku inda igiyar ta samo asali.

Shekara shida ke nan. Lokacin ni direba ne a wannan ƙungiya tamu mai aikin rijiyoyi da lafiyar dabbobi a nan Gure. Tsarin gareji kuwa haka yake: shef na gareji ne a sama, shi ke sa hannu kafin kowace mota ta fita. Ƙarƙashinsa akwai direbobi huɗu, sai mai wanki a can ƙasa. Mu direbobi takardar aikinmu mai tsawo ce, amma ta mai wanki duk shekara ake sabunta ta. Mai wankinmu shi ne Baba Kyari, dattijo mutumin wajen Gamu, wanda ya haura shekara ashirin yana wanke motoci. Da na zo garejin ban san komi ba sai juya sitiyari. Shi ya koya mini yadda ake kula da mota, kuma tun ranar farko bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce “ɗana”.

Wanda bai san aikin ba zai ce wankin mota ai ruwa ne da sabulu. A Gure ba haka ba ne. Ruwanmu akwai kanwa a cikinsa, in ka bari ya bushe a jikin mota sai ya bar fararen tabo. Ga kuma rairayi, wanda ƙwaya ɗaya tak ta isa ta ja layi a fenti. Baba Kyari ba ya taɓa mota da ƙyalle sai ya kwarara mata ruwa sau uku. Abin gogewarsa tsohon rawani ne da ya yayyaga, wanda wanki ya lausasa shi. In ya gama sai ya wanke tsummokaran, ya shimfiɗa su a kan farin rairayin da ke bayan gareji, kamar yadda kowa ke shanya a garin nan. In sun bushe ya kaɗe su sau biyu, rairayin ya zube. Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa nuna ƙarzuwa ɗaya ya ce aikinsa ce.

A shekarar aka turo mana sabon shef daga babban ofishinmu na Yamai, Mushe Sule (“mushe” shi ne malam a bakin masu Faransanci). Ba mugu ba ne, mutum ne dai mai son komi ya tafi bisa takarda. Bayan damina ta ɗauke aka kawo mana sabuwar mota kat-kat, irin mai ratsa rairayi, shuɗiya mai duhu, aka ce masu ba da tallafi za su zo ranar Alhamis su miƙa ta a gaban baƙi. Mushe Sule ya ga tsummokaran Baba Kyari a rairayi, ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu.

“Wannan shifon ɗin ba zai taɓa sabuwar mota ba,” in ji shi. “Idi, tunda za ka Damagaram, ka sayo mana mikrofibir. Ka zaɓa da kyau.”

Mikrofibir tawul ne na zaren roba mai tsananin laushi, wanda aka yi don gogar mota. Ni ban taɓa riƙe shi ba, amma na ce to kamar na san shi tun ina goye.

A Damagaram na sami wani mai kantin kayan mota, ya baje mini su a kan tebur. Mutumin ya san hajarsa. Ya ce in shafa a bayan hannuna, in na ji yana kama kaushin fata to na gaske ne. Ya nuna mini mai dogon gashi na jikin mota, da mai matsattsiyar saƙa na gilashi, da wani mara nauyi na taya da bakin ƙofa. Ya ce in guji mai taurin ɗinki a baki, in kuma cire ƴar takardar da ke liƙe a gefe, don su ma suna ƙarzar fenti. Na zaɓi ruwan ɗorawa na jiki, shuɗi na gilashi, toka-toka na taya, don kada su cakuɗe. Har na ɗaure kaya sai ya riƙe hannuna.

“Saura babbar magana, malam. Wannan ƙyallen ba ya sakin abin da ya kama. Kyansa ke nan, haɗarinsa ke nan. A wanke shi shi kaɗai, a rataye shi a igiya. Kada ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya. In ya faɗi, ya tashi daga na jiki, ya koma na taya.”

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji, don duk hanyar dawowa ina maimaita maganar a raina.

Ranar Litinin da yamma na iso. Direbobi na zaune a gindin bishiyar bedi suna shan shayi, na miƙa wa Baba Kyari ƙunshin a gabansu. Ya shafa, ya ɗora a kumatunsa, ya ce lalle akwai laushi. Na yi masa bayanin launuka, ya gyaɗa kai. Sai ɗaya daga cikin direbobin ya ce, “To fa, Idi ya je Damagaram ya dawo mushen lakwal, malamin makaranta sosai!” Aka kwashe da dariya. A cikin dariyar Baba Kyari ya dube ni.

“Ɗana, akwai wata doka tasa da suka faɗa maka?”

Maganar tana bakina. Amma sai na ji nauyi. Ta yaya ni da ya koya wa riƙon bokiti zan tsaya a gaban mutane in koya masa shanya? In ce masa yadda yake yi tun kafin in yi wayo ba daidai ba ne? Na ce a raina zan same shi shi kaɗai gobe.

“Ba komi, Baba,” na ce. “Tsumma ne kamar kowane.”

Gobe kuwa da safe aka tura ni Alakos da ma'aikatan rigakafin dabbobi, ban dawo ba sai Laraba da la'asar. Maganar ta fita daga kaina sarai. Shi kuma Baba Kyari mutum ne mai tsabta, ba ya ɗora sabon ƙyalle a mota sai ya wanke shi. Ya wanke waɗanda zai yi aiki da su, ya shimfiɗa a rairayi. Lokacin ƙarangiya ta bushe, ta cika ko'ina. Ya tsince wadda idonsa ya gani, ya kaɗe sau biyu yadda ya saba, ya ninke ya ajiye.

Ranar Alhamis ya wanke motar a inuwa, ya goge ta tas. A inuwar tana ƙyalli, har ni na yaba. Wajen ƙarfe tara Mushe Sule ya ce in fito da ita fili, inda aka jera kujerun baƙi. Ina fitowa rana ta dake ta, sai na ga ɓarnar tun kafin in sauka, don gilashin gaba ya cika da siraran layuka. Da na zagaya, jikin motar duk zagaye-zagayen ƙarzuwa ne kamar saƙar gizo-gizo, daga kan inji har ƙofar baya. Duhun fentin ya sa ba abin da ya ɓuya.

Mushe Sule bai yi ihu ba. Ya karɓi tawul ɗin, ya murza shi a kan farar takarda, ƙwayoyin rairayi da ƙananan ƙayoyi suka zubo. Ya juyo gare ni.

“Idi, an yi maka bayanin yadda ake aiki da shi?”

“An yi, Shef.”

“Ka isar masa?”

“Na yi masa bayani, Shef.”

Rabin gaskiya ce, kuma na san rabi ce lokacin da nake faɗarta. Tsoro ya kama ni, na tuna iyalina, na tuna ni aka aika. Baba Kyari ya dube ni, kallo ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai.

“Hannuna ne ya goge, Mushe,” in ji shi.

Aka yi bikin a daddafe, an juya gefen da ya fi muni wajen bango. Da baƙi suka watse sai doka ta fara aikinta. A tsarinmu, in ma'aikaci ya yi ɓarna ana ba shi takardar neman bayani, ya amsa a rubuce da Faransanci cikin kwana biyu. Daga nan shef ya haɗa da nasa rahoton ya aika Yamai. Baba Kyari ya yi karatun allo mai zurfi, amma bai yi boko ba, kuma duk takardunsa ni nake rubuta masa. Ranar Juma'a da safe ya same ni da takardar.

“Ɗana, rubuta mini. Ka ce ni na goge, ban lura ba, ina neman afuwa.”

Na rubuta. Har na gyara masa jimla don ta yi daɗin karantawa. Ya dangwala yatsa ya yi mini godiya. A nasa rahoton Mushe Sule ya rubuta cewa shekaru sun kama mai wanki, ido da hannu sun gaza. Aka dakatar da shi, kuma takardarsa ta shekara dama a ƙarshen watan za ta ƙare.

Ranar Litinin na zo da igiya daga gida. Na ɗaura ta daga bedi zuwa ƙarfen rumfa, na wanke sauran tawul ɗin da ba a taɓa ba su kaɗai a roba, na rataye. Ba wanda ya sa ni. Ina cikin haka Baba Kyari ya shigo ɗaukar bokitinsa da tsummokaran rawaninsa. Ya tsaya. Ya dubi igiyar tun daga wannan ƙarshe har wancan.

“Wa ya ce a rataye su?”

Na sunkuya ina zubar da ruwan robar.

“Ashe da dokarsa,” in ji shi a hankali. “Ashe ka san da igiya.”

 Ya sa tsummokaransa a bokiti ya fita. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

A ranar na shiga wurin Mushe Sule na faɗa masa komi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Ka makara, takarda ta riga ta tafi.” Ya ba ni takardar gargaɗi, wadda na cancanci fiye da ita. Tsakani da Allah ya yi ƙoƙari, ya sake rubutawa Yamai ya gyara maganarsa. Amsar da ta dawo bayan wata biyu ita ce an soke gurbin mai wanki gaba ɗaya, kowane direba ya wanke motarsa. Motar kuwa an kai ta Damagaram an murje fentin ya koma daidai, amma layukan gilashi sun zauna. Ni aka ba ta. Shekara huɗu ina tuƙa ta, duk safiyar da na fuskanci gabas sai rana ta zana mini su a gaban idona.

Ƴan kwanaki bayan ya bar gareji na je na tarar da Baba Kyari a lambunsa a cikin kwari, yana ban ruwan albasa a gindin dabino. Na tsuguna na roƙe shi gafara. Ya ajiye guga ya goge hannu a riga.

“Na yafe tun ranar,” ya ce. “Aiki dama na Allah ne, ya ba ni ya karɓa. Abin da ya tsaya mini shi ne an rubuta a takarda cewa hannuna ya gaza. Hannuna bai gaza ba. Na tambaye ka fa. Da ka faɗa mini a gaban yaran nan, kunyar da zan ji ba za ta kai shan shayi ɗaya ba.”

Ya cika mini leda da dabino, ya raka ni har bakin shinge.

“Ka gaida gida, Shef Idi.”

Lokacin ko kusa ban zama shef ba.

Abin da na koya a kan sana'ar nan shi ne kayan aiki ba a raba shi da bayaninsa. Tawul ɗin da na zaɓo mai kyau ne, har yau irinsa muke saye, kuma rawanin Baba Kyari ma ba shi da laifi, don shi ya dace da shanyar ƙasa. Ni na kawo sabon abu na bar dokarsa a cikina. Mu mutanen nan muna jin nauyin gyara wa babba, muna ɗauka ladabi ne. Na gane cewa wani lokaci kanmu muke karewa, shi kuma mu bar shi ya faɗa rami da girmansa. Saboda haka in kun ga na yi kuskure, ku faɗa mini ko a gaban wa, na roƙe ku.

Yanzu ni ne shef na gareji, igiyar nan kuma sau uku ina sauya ta. Duk Juma'a muna haɗuwa da Baba Kyari a masallaci. Yana ba ni hannu da fara'a, yana tambayar yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Shekara shida ke nan ina sauraron ranar da zai sake ce mini “ɗana”. Har yau “Shef” yake cewa.