Agoguna Uku a Tabarmar Takaba

Ban taɓa mantawa da ranar da aka shigo mini da allon gaban mota har tsakar gida a Gwallaga ba. Kwana arba'in ke nan da rasuwar mijina, Malam Garba mai gyaran lantarkin mota. Har yau in na ambace shi sai hawaye, ku yi haƙuri. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, don ku da kuka gaji garejinsa ku ji.

Da idonsa ya yi rauni, gida yake kawo ƙananan ayyuka, ni ce idonsa shekara tara. Ba na karanta lamba, don haka duk wayar da na cire sai in ɗaura mata zare, wannan ƙulli ɗaya, waccan biyu. Ba wanda ya sani.

Aikinsa na ƙarshe motar wani tsohon malamin jami'a ce daga Yelwa, gadon mahaifinsa. Ƙarfin wutarta shida ne, na motocin yanzu kuwa sha biyu, batirin irin nata ya yi wuya, shi ya sa ake mai da ita ta sha biyu. In aka sakar wa tsofaffin agogunan allon gaban mota wutar sha biyu kai tsaye, ƙonewa suke yi. Malam ya yi wa mutumin alkawari cewa agogunan da mahaifinsa ya kalla, su zai ci gaba da kallo.

Sale, ƙanen Malam, ya ce a yar da su a sa na kanti. Na aika a kawo mini su. Sale ya tsaya a zaure ya ce, "Yaya, mai takaba da sukundireba? Me mutane za su ce?"

Na ce, "An hana ni fita, an hana ni kwalliya. Wane malami ya hana ni cika alkawarin mijina?"

Kwana uku na yi a kan tabarma. Na canza ƙwayayen fitila. Agogon mai da na zafi, kowanne na sa masa ɗan abin rage wuta a bayansa. Agogon caji ba ya son ragi. Wayoyinsa biyu ake musanyawa, domin an juya kawunan batirin wajen canza wutar motar. Na ɗaura zarena, na ce a bi shi.

Sale ya ce surkulle ne, ya tsinke zaren, ya haɗa yadda suke a da. Da aka ta da mota, allurar caji ta koma baya. Ya dawo yana cewa na lalata kayan mutane, a gaban mai motar.

Na tambaye shi ina zarena. Na ce ya koma ya musanya wayoyin nan biyu, in allurar ba ta miƙe ba, ya zo ya kwashe akwatin kayan aikin Malam.

Bayan la'asar na ji ƙarar injin a ƙofar gida. Mai motar ya yi sallama, ya ce duka ukun suna aiki. Ban iya fita na gani ba. Na rufe fuskata da mayafi na yi kuka.

Don haka in kun ga alama a jikin waya, ko tsumma ne, kada ku tsinke kafin ku tambayi wanda ya ɗaura. Akwatin Malam kuwa yana ƙarƙashin gadona, kuma ba tsatsa yake yi ba.