Hajiya Saude Mai Awo Ta Tafi

Da safen nan labari ya iske ni a zaure. Hajiya Saude ta rasu.

Ƙafa ba ta kai ni jana'iza ba. Na zauna ina jin mutane suna wucewa.

Waɗanda ba su san ta ba, ita ce ta daɗe tana yi wa mata masu ciki awo a nan Daudawa.

Da faɗa muka san juna. Ɗiyata Hadiza ta zo gida goyon ciki na fari. Ni kuwa a ganina abin kunya ne ɗiya ta koma ɗakinta a rame, a ce gidan ubanta ba a ci. Duk ranar kasuwa sai na dawo da lemon kwalba da madarar gwangwani da suga.

Hajiya ta auna ta, ta biyo ta har gida.

Ta ce, "Malam, ka koyar da rabin garin nan, bari yau a koya maka. Sugan yarinyar nan ya hau. Abin da ke jininta shi ɗan ke sha. Zai zo da girma, kuma ƙibar tana iya bin shi har ya girma."

Na ce mata ƙiba ai arziki ce.

Ta ce, "To, Allah ya ba mu lafiyar arzikin."

Ban daina saye ba. Hadiza ta sha wuya wurin haihuwa, mata kuwa suna ta yaba girman jariri. Yaron ya taso da jiki, ɗan gudu kaɗan sai haki, abokai suna ce masa tulu. Allah ne mai yi, na sani. Amma na san da hannuna a ciki.

Ko sau ɗaya Hajiya ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba.

Bayan mai ɗakina ta rasu gida ya yi shiru, sai Hajiya ta riƙa biyowa ranar Juma'a wai za ta auna mini jini. Awon na minti biyu ne, hirar kan kai la'asar.

Juma'ar da ta zo ta ƙarshe na gaya mata jikata Zainabu, ƙanwar yaron nan, tana da ciki a Sabuwa, kuma ba ta fara awo ba. Na roƙe ta ta kira ta.

Ta ce, "A'a Malam, kai za ka kira. Jika ce, ba kunya tsakaninku. Ka gaya mata abin da ka yi wa uwarta."

Na yi ta jinkiri. Ina cewa idan Hajiya ta dawo zan lallashe ta ta yi mini.

Ɗazu na kira Zainabu. Na faɗa mata komai, har lemon. Ta yi dariya ta ce, "Angona, yaushe ka zama ungozoma?" Da ta ji yadda muryata take sai ta daina dariya. Ta ce Talata za ta je a duba sugan.

Na ajiye waya, na rasa wanda zan gaya wa.

Allah ya jiƙan Hajiya Saude, ya haskaka kabarinta, ya ba iyalanta haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a. Ku sa Zainabu ma, Allah ya sauke ta lafiya.