Kumandan a Gindin Ƙwarya

Ramatu mai zanen ƙwarya ce a Dogon Dutsi. Da wuƙa mai zafi take aikinta, irin zanen da ta gada wurin gwaggonta: ƙafar zabuwa, tsani, idon kurciya. Mijinta Mani kuku ne a gidan kumandan, Bafaranshen da ke mulkin garin.

Wata rana Mani ya kawo mata gishiri ƙunshe cikin tsohuwar jaridar Faransa. Da ta warware sai ta ga hoton wani Anasara mai tumbi kamar randa, hanci har ƙirji, ƙafafu sirara kamar na belbela. Mani ya ce ya ji wai wani babban ministansu ne, kuma a can haka talakawa ke zana manyansu don su huce haushi. Ramatu ta yi dariya har da hawaye.

Shekarar nan ana aikin dole na gina hanya, an kwashe maza daga gonaki. Ramatu ta ɗauki sabuwar ƙwarya, ta zana kumandan a gindinta, da gemunsa mai tsini da hular kwano. Mai shan fura ba ya ganin komai, amma in ya ɗaga ƙwaryar zuwa baki, sai na gabansa su yi ido huɗu da kumandan. Ƙwaryar ta zaga masu fasa dutse, mutanen da suka manta dariya suka tuna ta. Kafin damina, matan gari da yawa sun mallaki irinta.

Ran kasuwa wani gardi, ɗan sandan kumandan, ya juya ƙwarya ɗaya a rumfar Ramatu, ya ƙura ido, ya ce ta tashi sai kaso.

Sai Hasiya, Bafillatana mai tallar nono wadda ke sayen ƙore a wurinta, ta miƙo hannu ta karɓe.

"Wannan tawa ce, ni na sa a zana min bunsuruna," in ji ta. "Kai wa ka gani a ciki? Faɗa mana."

Gardin ya dubi jama'a, ya ga babu mai motsi. Ya gane in ya ambaci sunan, shi ya yi zagin. Ya gyara ɗamara ya wuce.

Tun daga ranar Hasiya ba ta sake sayen ƙwarya ba, kyauta Ramatu ke kai mata har ruga. Da Hasiya ta tsufa idonta ya mutu, Ramatu ta ɗauko ta zuwa gari, ta ba ta ɗaki kusa da nata. 'Ya'yan Ramatu Inna suke kiranta.